Jagorar Musafiri Mai Jakar Goyo a Birnin Kef Tawun Lokacin Bukukuwan Ƙarshen Shekara

A watan Disamba, sa'ad da hunturu ya sauka ƙasar Hausa, buji ya rufe sararin samaniya, tsofaffi suka koma jin ɗumi da asuba, a daidai wannan lokaci ne birnin Kef Tawun, wanda ke can kusa da ƙurewar Afirka ta Kudu, yake shiga tsakiyar bazararsa, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, ruwan sama kuma ya ɗauke sai wajen watan Mayu ko Yuni ya dawo da ƙarfinsa. Saboda haka ne samari da 'yan matan Turai masu gudun ƙanƙara suke kwararowa birnin, kowa da jakarsa goye a baya, suna kwana ɗaki ɗaya da waɗanda ba su taɓa gani ba, suna dafa abincinsu da hannunsu, domin guzuri kaɗan ya kai su nesa. Wannan hanya ta tafiya a buɗe take ga ɗan ƙasarmu, ɗalibi ne ko ƙaramin ma'aikaci, muddin ya gane tun daga gida cewa zai je da ƙaramin aljihu a watan da ya fi kowane wata tsada a birnin, kuma zai sauka baƙo a bikin da ba nasa ba, al'amura biyu da kowannensu ke bukatar tanadi tun kafin a ɗaure kaya.

Farkon tanadin takardu ne. Mai fasfon Nijeriya ba ya shiga Afirka ta Kudu sai da biza, wadda ake nema ta ofisoshin karɓar takardu a Abuja ko Legas, alhali mutumin Gana an ɗauke masa wannan wahala tun watan Nuwamba na 2023 idan ziyararsa ba ta wuce kwana 90 ba. Sharaɗi ne fasfo ya kasance da sauran wa'adi na aƙalla kwana 30 bayan ranar da za a bar ƙasar, da shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba, sannan da katin rigakafin ciwon shawara, wanda ba ya aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki. Kada a jinkirta neman bizar zuwa Nuwamba, domin ma'aikatan can ma shirin hutu suke yi. Jirgi daga Legas zuwa Johanasbag yakan ci kamar awa 6, daga nan zuwa Kef Tawun awa 2, mai son rage kuɗi kuwa yana iya shiga doguwar mota ya ci kilomita wajen 1,400 a cikin yini da dare, ya ga hamadar Karoo da idonsa, in ƙugunsa zai jure.

Babu abin da ya kai gado muhimmanci a cikin wannan tafiya, kuma dalilin haka yana cikin kalandar ƙasar. Ranar 16 ga Disamba hutu ce, wadda suke kira Ranar Sulhu, kuma daga wajenta ne magina da masana'antu da yawa suke rufe aiki sai tsakiyar Janairu, makarantu suna hutun ƙarshen shekara, mutanen Johanasbag da sauran garuruwan tudu suna gangarowa bakin teku da iyalansu, ga kuma baƙin ƙetare a kansu, har ya zama masaukin da ke roƙon baƙi a watan Yuli yana mayar da su a watan Disamba. To, mai hankali ya kama gadonsa ta intanet tun watan Satumba ko Oktoba, musamman na kwanakin da ke tsakanin 23 ga Disamba da 3 ga Janairu, ya kuma karanta sharuɗɗa da natsuwa, gama waɗansu masaukan ba sa ba da kwana ɗaya ko biyu a makon sabuwar shekara, sai an biya kwanaki a jere. Irin masaukin da muke nufi shi ne wanda za ka ga an rubuta Backpackers a ƙofarsa: ɗaki mai gadaje masu hawa biyu, mutum 6 ko 8 ko fiye, da banɗaki da kicin na tarayya. Akwai ɗakunan da aka keɓe wa mata zalla, kuma ya kamata mace ta nemi irinsu tun wajen kama gado, namijin da ba ya son cakuɗa shi ma ya tambaya, domin galibin ɗakunan maza da mata ne a haɗe.

Zaɓen unguwa kuwa ya danganta ga abin da mutum yake iya jurewa. Titin Long Street, inda masaukan suka fi yawa, shi ne matattarar mashaya da gidajen rawa, kiɗa ba ya yankewa a cikinsa sai gab da asuba, ko da yake, abin mamaki, a kan wannan titi ne Masallacin Dabino yake, wanda aka kafa a 1807, yana tsaye tsakanin shaguna kamar gidan zama. Wanda barci ya dame shi ya nemi Gardens ko Green Point ko Sea Point, mai son arha da zama cikin ɗalibai ya nufi Observatory, mai son ruwa ya tafi Muizenberg ya riƙa shigowa gari a jirgin ƙasa da rana. Ni dai a ganina tafiyar minti 15 a ƙasa zuwa tsakiyar gari ta fi kwana a bisa kan ganga.

Game da kayan jaka, ƙa'idar ita ce duk abin da ba za ka iya hawa bene da shi a bayanka ba ka bar shi a gida. Sai dai akwai 'yan abubuwan da ba a barinsu: kwaɗo mai kyau na rufe akwatin ajiyar da ke gefen gado, da sallaya mara nauyi, da ƙaramar buta ko gorar roba, domin banɗakunan masaukan takarda kaɗai suka tanada, da rigar sanyi guda, wadda mai jin labarin zafin birnin zai ga kamar wauta ce ɗaukarta, har sai iska ta same shi da magariba. Soket ɗin ƙasar mai manyan ramuka uku ne kewayayyu, filogin Nijeriya ba ya shiga, sai an sayi mahaɗi a kanti. Ruwan famfo ana shansa lafiya lau, amma mutanen gari, tun farin da ya kai su ga rabon lita 50 ga kowane mutum a yini a 2018, ba sa ganin mutuncin mai daɗewa a wanka.

Yanzu sai mu zo ga sha'anin salla, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne musafirin ƙasarmu ya fi saurin yin kuskure ba da saninsa ba. Mu da muka tashi muna fuskantar mafitar rana, in muka yi haka a Kef Tawun mun kauce wa alƙibla nesa, saboda Makka tana arewa da birnin ne, da ɗan karkata zuwa gabas na kimanin digiri 23, rana kuwa a watan Disamba daga kudu maso gabas take ɓullowa. Wanda ke tsakiyar gari ya ba Dutsen Tebur, babban dutsen birnin, baya, ya fuskanci tashar jiragen ruwa, ya ɗan karkata dama, sannan ya tabbatar da ijtihadinsa da kamfas ko da mihrabin masallaci mafi kusa. Lokuta ma sun saɓa wa abin da aka saba: alfijir yana ketowa kafin ƙarfe 4, rana tana fitowa wajen 5 da rabi, zawali ba ya yi sai kusan ɗaya saura kwata, magariba tana kaiwa ƙarfe 8, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa sai wajen 9 da rabi, ga shi agogonsu yana gaba da na Nijeriya da awa ɗaya. Akwai igwa a kan tudun Signal Hill da ake bugawa ƙarfe 12 daidai, ban da Lahadi da ranakun hutu, wadda takan firgita baƙo a ranarsa ta farko. Kada ya ɗauke ta alamar shigar azahar, da sauran kusan minti 45. Amma kasaru, sanannen hukunci ne a mazhabar Imamu Malik cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa, don haka mai niyyar mako biyu a birnin kasarunsa ta ƙare da isarsa. Sallar asuba a ɗakin da mutum bakwai ke barci, waɗansu ma ba su daɗe da shigowa ba, tana son ladabi: a yi alwala ba tare da kunna babbar fitila ba, a fita falo ko tsakar gida, a rage murya.

Ba a rasa jama'a a wannan birni, kuma wannan ita ce falalarsa a kan sauran biranen da masu jakar goyo ke zuwa. A gangaren Signal Hill akwai unguwar Bo-Kaap, mai gidaje masu fenti launi-launi da tituna na duwatsu, mazaunin zuriyar bayi da fursunonin da kamfanin Holanda ya kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka. A titin Dorp na wannan unguwa ne Masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, shi ne masallaci na farko a ƙasar baki ɗaya, shekara 10 kafin hukuma ta yarda a yi addinin Musulunci a fili a 1804. Limaminsa na farko, Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda aka fi sani da Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore, aka kawo shi a ɗaure a 1780, aka tsare shi a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da mus'hafi a gabansa ba, aikin da duk wanda ya san alarammomin tsangayunmu zai gane nauyinsa. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nasa yana nan ajiye a masallacin, kabarinsa kuma yana maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Kafin shi an yi Shaihu Yusufu na Makassar, wanda aka kawo gudun dole a 1694, ya rasu a 1699, hubbarensa yana bayan gari ana ziyartarsa har yau. Galibin Musulmin birnin Shafi'awa ne, saboda haka baƙo zai ji liman yana bayyana Bisimilla a Fatiha, yana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, kuma babu abin da ya wajaba a kansa sai ya bi, domin sallar Bamalike a bayan Bashafi'e ingantacciya ce. Abu ɗaya nake roƙon mai ziyara: gidajen nan masu kyau mutane ne a ciki, da tsofaffinsu da 'ya'yansu, sun kuwa gaji da baƙin da ke hawa dakalinsu suna ɗaukar hoto ba sallama. Yi sallama za ka ga bambanci.

Abinci ba shi da wuya. Kantuna irin su Shoprite da Pick n Pay da Checkers suna ko'ina, kuma nama da kaji masu yawa suna ɗauke da tambarin halal na Majalisar Shari'ar Musulmi ta birnin, wadda aka kafa a 1945, ko na wata hukuma makamanciyarta. A duba tambarin, kada a wadatu da zato. Mai dafa shinkafa da taliya da ƙwai a kicin ɗin masauki, ya rubuta sunansa a ledarsa kafin ya sa a firji, zai kashe ƙasa da rabin abin da mai cin abincin sayarwa ke kashewa, amma ya wanke tukunya da kasko kafin ya ɗora, gama bai san abin da aka soya a ciki ba. In an gaji da girki akwai gatsby, wato dogon burodi da ake cusa wa soyayyen dankali da nama ko kifi, guda ɗaya yana ƙosar da mutum uku, akwai sambusa, akwai kuma koesister, wani soyayyen ƙulli mai kayan ƙamshi da kwakwa da ake sayarwa a Bo-Kaap da safiyar Lahadi. A gidan abinci na zama al'ada ce a ƙara wa mai hidima kashi 10 cikin 100. A yi cefanen kwana biyu ranar 23 ko safiyar 24, saboda ranar 25 yawancin kantuna a rufe suke, motocin haya kuma sun yi ƙaranci.

Ranar Kirsimeti ita ce ranar da kaɗaici ke kama musafiri, ko da ba ya cikin masu bikin, domin gari yakan yi tsit, kowa ya shige cikin danginsa, wanda ba shi da kowa sai ya tuna da nasa. Masu masaukai sun san haka, shi ya sa sukan haɗa gashin nama na tarayya, wanda mutanen ƙasar ke kira braai, kowa ya ba da karo-karo ko ya kawo abin da zai gasa. Shawarata ita ce kada mutum ya kulle kansa a ɗaki, kada kuma ya saki jiki ya bi yarima a sha kiɗa. Ya sayo namansa mai tambari, ya roƙi gefe guda na wayar gashin ko ya shimfiɗa takardar gashi a kai, ya nisanci tsiran-alade sai wanda ya ga shaidarsa, ya faɗa wa abokan zama sau ɗaya cikin fara'a cewa ba ya shan giya, in zaman ya fara juyewa zuwa maye ya yi sallama ya tashi. Wanda ya zo da yajin ƙuli daga gida, ya barbaɗa wa nama, zai sami abokan hira fiye da bukatarsa. Mai karatu Kirista kuwa yana da babban cocin St George a titin Wale, inda Desmond Tutu ya yi shugabanci daga 1986 zuwa 1996, inda kuma aka ajiye tokarsa bayan rasuwarsa ranar 26 ga Disamba 2021. Kashegarin Kirsimeti, 26 ga wata, da ranar 1 ga Janairu, su ne ranakun da talakawan birni ke fita bakin teku da tukwanensu da lemunansu, cunkoson ya wuce misali, kuma doka ta hana shan giya a wurin, 'yan sanda suna ƙwacewa.

Sauran kwanakin kada a tsara su da tsauri, domin iska ce ke mulkinsu. Akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga kudu maso gabas a wannan fasali, wadda suke yi wa laƙabi da Likitan Kef saboda tana share hayaƙin gari, ita ce kuma ke shimfiɗa farin gajimare a kan Dutsen Tebur, mai tsawon sama da mita 1,080, har ya zubo ta gefensa. In ta taso, motar igiya mai kai mutane ƙololuwa, wadda ke aiki tun 1929, tsayawa take yi, jirgin fiton da ke zuwa tsibirin Robben ma yakan fasa tashi. Saboda haka duk safiyar da ka ga dutse a sarari, bishiyoyi ba sa motsi, ajiye duk wani shiri ka hau a ranar, kada ka ce sai gobe. Hawa da ƙafa ta kwazazzabon Platteklip kyauta ne, yana cin awa 2 zuwa 3, ana fara shi da sassafe, da ruwa lita 2 da hula da rigar sanyi, cikin ayari ba mutum ɗaya ba, da kuma ƙarfin da zai isa a sauko da ƙafa idan aka tarar an rufe motar. Tikitin tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 na ɗaurinsa, inda kuma tsofaffin fursunoni ke zagayawa da baƙi, a saye shi makonni kafin zuwa, a sa shi a farkon kwanaki domin a sami damar sakewa in an fasa. Ruwan teku a Clifton da Camps Bay, duk da kyan yashinsu, sanyi gare shi mai sa ƙafa ta sandare, kuma iskar nan ce ke taso shi daga ƙarƙashin teku. Mai son wanka ya tafi Muizenberg, ya tsaya tsakanin tutocin masu ceto, in bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Birni ne mai tazara mai girma tsakanin mawadaci da matalauci, ƙwace da sane suna nan. Kada a riƙe waya a hannu a titi da dare, kada a karɓi taimakon kowa a wajen na'urar cire kuɗi, kada a shiga unguwannin bayan gari sai da ɗan unguwa, bayan isha kuma a kira Uber ko Bolt maimakon tafiya a ƙasa. Motocin bas na MyCiTi ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai da katinsu da ake zuba wa kuɗi. Tuƙi a hagu ake yi, kamar yadda aka yi a Nijeriya kafin 1972, don haka mai tsallaka titi ya fara duban dama. An kai wa baƙi 'yan Afirka hare-hare a ƙasar a 2008 da 2019, kuma mai koren fasfo yakan sha tambaya fiye da Bature. Ya yi haƙuri, ya riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu, ya kulle na ainihi a masauki.

Daren sabuwar shekara ana wasan wuta a bakin ruwa na V&A Waterfront, wanda bai bambanta da na kowane babban birni ba, kuma wanda ya koma gida ranar 1 ga Janairu ya bar abin da ya fi cancantar kuɗin jirginsa. Ranar 2 ga wata, wadda suke kira Tweede Nuwe Jaar, wato sabuwar shekara ta biyu, ita ce a zamanin bauta ake sakar wa bayi su huta bayan iyayengijinsu sun gama nasu shagalin, kuma da aka soke bautar a 1834, aka sake su sarai a 1838, zuriyarsu ba su bar ranar ba. Ƙungiyoyin da ake kira Kaapse Klopse suna fitowa dubbai, sanye da tufafi masu ƙyalli, fuska a fente, kowa da ƙaramar lema, suna tafe da ƙahoni da ganga mai siffar ƙaramin duron itace da suke kira ghoema, daga tsoho mai sanda har yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Hanyarsu ta gado tana tasowa daga District Six ta ratsa tsakiyar gari ta ƙare a Bo-Kaap, kuma a nan ma'anar abin take, domin a 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana District Six unguwar farare, ta rushe ta, ta kwashe mutane fiye da 60,000 zuwa filayen Cape Flats, ga shi jikokinsu suna dawowa kowace shekara suna taka titunan da aka kori kakanninsu. Wanda ya fara ziyartar gidan tarihin District Six da tsohon gidan bayi na 1679 da ke kan titin Adderley kafin ranar, da wani ido zai kalli jerin. Kallo kyauta ne a gefen titi, iyalai sukan kama wuri tun daren jiya da kujeru da barguna, ana farawa a makare, ana kaiwa dare, saboda haka a zo da ruwa da hula da haƙuri. Ranar da hanyar sukan canja a waɗansu shekaru, musamman idan 2 ga wata ta faɗo Juma'a, don haka a tambayi mutanen masallaci ko masu masauki tun mako guda kafin nan, a kuma bar kwana biyu ko uku na ihtiyaɗi kafin ranar komawa.

Tikitin komawar a saye shi tare da na zuwa, domin a makon farko na Janairu jirage da motocin Johanasbag cike suke da masu komawa bakin aiki, wanda kuma ya iya jinkirtawa zuwa tsakiyar wata zai tarar gari ya yi sauƙi, kuɗin gado ya sauko, bazara kuwa tana nan. Sai dai a dubi ranar da jami'in shige da fice ya rubuta a fasfo, ita ce abin lura, ba wadda mutum ya ƙudurta a ransa ba, gama dokar ƙasar tun 2014 ita ce wanda ya zarce wa'adinsa, ko da kwana ɗaya ne, ana hana shi dawowa har shekara guda, wanda ya zarce da fiye da kwana 30 kuwa shekara 5.